A Ba Mu Makullin Ɗakin Koyon Hausa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ƙungiyarmu ta iyalai mazauna unguwar Faisal, Alƙahira.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya da iyali, a yi haƙuri da rubutuna, don sai da na haifi 'ya'ya uku kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci. Sau huɗu na zo ofis ana ce mini ma'alish, wato in yi haƙuri, shi ya sa na rubuto a fili.

Na farko, tun dokar hana fita ta bara kuka rufe ɗakin da yaranmu ke koyon Hausa ranar Juma'a. An janye dokar, ɗakin yana kulle. Na leƙa ta taga, akwatunan ɗaliban da suka tafi hutu ne jibge har rufi.

Na biyu, an ce kun ce Hausa a gida ake tsotsa. Alhaji, wane gidan? Babansu yana wurin nema a Wustul Balad, can tsakiyar birni, daga safe har isha. Makaranta Larabci, titi Larabci, har faɗansu da Larabci suke yi. Ni kaɗai ce ke ta magana, kuma na gaji.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Mahaifiyata a Gumel ta tsufa, idonta ya tafi, muryar jikoki a waya ita ce ganinta. Takan tsokani babban ɗana Sadiƙu, ta kira shi maigidanta, ta ce rowa ta hana shi aiko mata ko goro ɗaya. Kowane jika a garinmu ya san yadda zai rama. Nawa sai ya ce tamam, wato to da Larabci, ya miƙo mini wayar. Ran Sallah na matsa masa ya gaishe ta da kyau, sai ta ce in bar shi, ba a takura wa baƙo. Tun ranar ba ta sake nemansa ba.

Roƙona, a kwashe akwatunan, a ba mu awa biyu bayan la'asar. In babu malami, ni zan tsaya, da ɗan abin da na iya. Ina tsoron ranar da za a kira mu daga Gumel, yaron nan ya kasa ko karɓar gaisuwar rasuwar kakarsa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya taka zuri'ar, ya sa su ji maganarka.

Wassalam.

Maman Sadiƙu, Faisal.