Kyamarata Ta Tona Asirin Mujiyar Orville

Malama Bernice, don Allah ki ba ni shawara. Matata Marlys ta gaji da jin zancen nan, ita ta ce in rubuto miki.

Ni tsohon direban motar 'yan makaranta ne a garin Duluth. Da na yi ritaya sai na koma ɗaukar hoton tsuntsaye, kuma hannuna ya faɗa. An ce yabon kai jahilci, to a bar ni da jahilcina na yau kaɗai. Bara na ajiye tsohuwar kyamarata mai nauyi kamar dutsen niƙa, na sayi irin sababbin nan da ba su da madubi a ciki. Ba ta manyan ƙwararru ba ce, ba kuma ta 'yan koyo ba, tsaka-tsaki ce, amma aikinta sai wanda ya gani. Ita da kanta take nemo idon tsuntsu ta kama shi, ko ya shige cikin rassa ba ta saki. Hannuna yana ɗan rawa yanzu, ita take gyara wannan. Ba ta yin ƙara ko kaɗan, sai ki ɗauki hoto barkatai tsuntsu bai san kina wurin ba. Aibinta ɗaya, sanyi yana shanye batirinta, shi ya sa nake ɗumama na biyu a aljihun ƙirji. Har da wayata na haɗa ta, ni da kaina, ba wanda ya nuna mini.

Aminina Orville bai taɓa sayen kyamara ba, tabaran hangen nesa kawai yake ratayawa. Duk Asabar a a-kori-kurarsa muke fita, shi ya kawo kofi a filas, ni in kawo gurasar da Marlys ta gasa. Yana tsokanata wai na sayi wayar salula mai dogon hanci, ni kuma in ce masa idonsa ba ya ajiye komai sai labari.

A watan Janairu ya kai ni wani lungu a cikin fadamar arewa, inda babbar mujiyar nan mai ruwan toka take sauka duk lokacin sanyi. Shekara da shekaru ya san wurin, bai taɓa nuna wa kowa ba. Kin san dokarmu ta masu kallon tsuntsaye, ba a faɗin inda mujiya take, ko a shafin ƙungiyarmu sunan yanki kawai ake rubutawa. Ya ce mini, "Kai, tsohon direba, daga ni sai kai, ko Marlys kada ta ji." Rana ta kusa faɗuwa, haske ya yi ƙasa, sai ga ta ta taso daga kan reshe ta faɗa cikin dusar ƙanƙara kan wani ɓera. Malama, kyamarar nan ta kama ta fukafukai a buɗe, idanu rawaya tar, har ƙwayoyin ƙanƙarar da ke gashin fuskarta ana iya gani. Na sa hoton a shafin ƙungiya, ban faɗi wuri ba, yabo ya yi ta zuwa har daga Kanada.

Ashe tun da na haɗa kyamarar da waya take manna wa kowane hoto ainihin inda aka ɗauke shi. Wani mai wayo ya zaro bayanin. Kafin mako ya zagayo motoci sun yi layi a bakin hanyar, wani har ɓerayen kanti ya sayo yana jefa mata don ta sauko. Tun daga nan ba a sake ganinta ba.

Orville ya daina ɗaukar wayata. A coci, wajen shan kofi, ina zama ya ɗauki kofinsa ya sauya tebur. Sauran 'yan ƙungiya ma sun mai da ni mujiya. Ga shi tun kafin rikicin an zaɓi hoton ya zama bangon kalandarmu ta baɗi, abin da nake nema tun shigata ƙungiyar, yanzu kuma shugabanni sun ce ni zan yanke, a buga ko a janye. Ni dai bakina bai faɗi komai ba, laifin na'ura ne. Shin dole in binne hoton da ya fi kowane kyau a rayuwata? Gaskiya kewar Orville tana cina, Asabar ta zame mini ranar zaman gida.

Tsohon Direba, Duluth.

Ya kai Tsohon Direba,

Na gode da wasiƙarka. Fahariyarka tana da tushe. Kyamara ta kama ido, amma ba ita ta tsaya cikin sanyi tana jira ba, kai ne, don haka hoton naka ne halak malak. Kuma na yarda ba ka yi nufin cin amana ba.

Sai dai ba zai yiwu yabo ya zama naka, laifi ya zama na na'ura ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kai ka haɗa ta da waya, kai ka sa hoton a shafi. Na kuma lura ka zayyana mini siffofin kyamararka dalla-dalla, amma ban ga inda ka ce ka ba Orville haƙuri ba. Ina zargin duk saƙon da ka bar masa bayani ne kan yadda na'ura take aiki. Shi ba bayani yake jira ba. Abu mafi daraja da ya mallaka ya damƙa maka, ya lalace a hannunka.

Yau ɗin nan ka kashe abin da ke manna wuri a hotuna, ka sauke tsofaffin da ka sa a shafi ka duba su, ka kuma gargaɗi 'yan ƙungiya, don na tabbata ba kai kaɗai ke yawo da wannan tarko a wuya ba. Batun kalanda kuwa, ka janye hoton bana, kuma kada ka tambayi Orville izini, domin in ka tambaye shi ka ɗora masa nauyin hana ka ne. Hoto ba ya ruɓewa. In rai ya yi sanyi, wata rana shi da kansa zai iya cewa a buga.

Sannan ka bar waya, ka taka har ƙofar gidansa, kyamara tana gida. Ka ce masa ka yi kuskure, kada ka ƙara da "amma". In ya rufe ƙofa, ka koma wani makon. Shi ma ya kamata ya gane kuskure daban, ha'inci daban, amma wannan sai ka fara buɗe masa hanya.

Mujiya tana da fukafukai, daji kuma yana da faɗi, za ta samu wani reshen. Kai kuwa a shekarunka ba za ka sake samun wani Orville ba. Allah ya daidaita tsakaninku, ka gaida Marlys da haƙuri.

Bernice.