Inna, Takwararki Ta Fara Cin Tuwo

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma akwai labarin da ba wanda nake son faɗa wa kamar ke.

Kin bar mu ina da tsohon ciki. Mace na haifa a nan Anka, babanta ya sa mata sunanki, muna kiranta Ummi. Goshinki gare ta, har da yadda kike tsuke baki in an ɓata miki rai.

Tun da aka yaye ta muka shiga damuwa. Kunu kaɗai take sha, shi ma sai an tace ya yi ruwa-ruwa. In ɗan gudaji ya taɓa harshenta, sai ta yi ta kakarin amai har idonta ya yi ja. Tuwo kuwa, ko ganinsa ta yi sai ta ɓuya a bayan zanena. Ruwa ma yakan sarƙe ta.

Kowa ya ce tsirfa ce. Maƙwabta suka ce in bar ta da yunwa, za ta ci don dole. Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ta zo daga Bukkuyum ta ce in kwantar da ita a cinya a yi mata ɗura. Na san don ƙauna ta faɗa, amma na ɗauki ɗiyata na shige ɗaki. Na tuna lokacin da ƙanena Sani ya yi jinya a gidanmu na Gummi, kika zauna da ludayi a hannu kina jira ya buɗe baki da kansa, ga daka yana jiranki. Kika ce mana, "Ku ƙyale shi. Yaro ba ya ƙin abinci don mugunta, akwai abin da ke damunsa."

Sai dai haƙurin bai ƙara mata nauyi ba, Inna. Rigar Sallarta ta bara, bana yawa ta yi mata a kafaɗa. Tsaranta suna guje-guje a tsakar gida, ita tana jingine da ni.

Kin san abin da gubar dalma ta yi wa yaran ƙauyukan nan, ga dangin baban Ummi a Tungar Daji, muna yawan zuwa. Da wannan fargabar muka je asibiti. Gwajin jini ya fito lafiya lau. Ina shirin tashi sai nas ɗin ta miƙa wa Ummi ruwa a kofi, ta tsaya tana kallon yadda ta ƙware. Ta ce wannan ya wuce tsirfa, ta tura mu babban asibiti a Sakkwato, wurin wata ma'aikaciya mai koya wa yara tauna da haɗiya. Babanta ya ce bai taɓa jin an koya wa mutum cin abinci ba. Amma shi ya goya mu a babur zuwa tasha.

Da kin ga matar nan da kin so ta. Tabarma ta shimfiɗa, ta ajiye dafaffiyar kabewa a faranti, ba ta ce wa Ummi ci ba. Yarinya ta dangwala da yatsa, ta shafa a tabarma, ta shafa a hannun matar, suna ta dariya. Bayan matar ta duba bakin Ummi da kyau ta ce min harshenta bai iya juya loma ba, abin da ya shiga sai ya wuce maƙogwaro kai tsaye. "Tsoro take ji, ba taurin kai ba ne," in ji ta. Ta ce ɗura tana iya kai kunu cikin huhun yaro. 

Ta koya min in riƙa ƙara wa kunun kauri sannu a hankali, in zaunar da ita tsaf, mu ci a gabanta, ba faɗa ba lallashi. Muka yi ta zarya. Wani satin ta lashi kabewa, wani satin ta ƙi ko kallonta, in koma bayan ɗaki in yi kukana in wanke fuska.

Ranar Juma'ar da ta wuce, babanta ya dawo daga masallaci ya zauna cin tuwon dawa da miyar kuka. Ummi ta matso ta zauna a gefensa. Ta gutsuri ɗan kaɗan, ta tsoma a miya, ta kai baki. Ta tauna, Inna. Ta haɗiye. An gargaɗe mu kada mu yi murna a gabanta don kada ta tsorata, sai na ci gaba da hura wuta kamar ban gani ba. Shi kuwa lomarsa tana hannu, ya kasa kai ta baki, hawaye na bin gemunsa. Ta ɗago ta dube shi ta ce, "Baba, ƙara."

Ba mu gama ba tukuna. Nama bai shiga ba, kuma za mu koma Sakkwato. Abin da ke taɓa min zuciya shi ne ba za ta san girkinki ba. Gobe zan gwada mata faten wake irin naki, ko da yake nawa bai taɓa kamo ƙafarsa ba.

Allah ya jiƙanki, Innata, ya yalwata kabarinki, ya shayar da ke daga Alkausara. Ya raya takwararki, ya sa wata rana ki gan ta a Aljanna da kumatunta.

Ɗiyarki mai kewarki,
Hadiza