Abin da Kyamarar Motar Yaya Ta Gani a Shagonmu

Zuwa ga Dogona, inuwar da nake fakewa, yayyafin farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, hasken idona da ya juya mini baya kwana goma sha tara.

Ina gaishe ka gaisuwar wadda aka zalunta, amma son ka bai bar ta ta yi zuciya ba. Ka tuna ranar da ka zo in gwada ka? Na zagaye cikinka da tef ɗin awo, ka riƙe numfashi don kada in gano tumbi, har ka kusa shiɗewa, muka yi ta dariya ruwa yana dukan kwanon shago. A ranar na ƙudurta cewa rigar aurenka hannuna ne zai yi mata ado, zare bayan zare.

Akwai abin da ban gaya maka ba. Motar Yaya ta kwanta a gareji, sai na roƙe shi 'yar kyamarar nan da ke liƙe a gilashin gaba. Ya manna mini ita a saman kantar zare, ya jona mata wuta, ya saita ta tana ɗaukar hoto ɗaya duk bayan daƙiƙa biyu. Ya ce in aka haɗa hotunan, aikin mako uku zai wuce cikin 'yan mintuna, a ga furanni suna tsirowa a wuyan riga kamar ciyawa bayan ruwa. Kyautar da na tanadar maka ke nan, ya sanyin idaniyata!

Sai ga saƙo ya fita daga wayata zuwa taka, wai na gaji da kai, na samu wanda ya fi ka. Na rantse, na yi kuka, ka ce ai lambata ce. Wayyo Dogo! Shekara uku kana shan ruwa a tafin hannuna, layi biyu suka isa ka ce guba ne?

Jiya na zare katin kyamarar don in goge komai, zuciyata ta ce in kalla tukuna. Idonta faɗi gare shi, shagon duka take ɗauka, kuma kowane hoto da kwanan wata da lokaci a gindinsa. Talata, ƙarfe ɗaya da minti goma sha biyu, ga ni na fita sayo maɓallai, wayata tana caji a kan teburin yanka. Ga Zaƙin-Baki, mai keken ɗinkin da ke gefen nawa, wadda na koya wa riƙe almakashi, ta miƙe. A bidiyon ƙiftawar ido ce, amma na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya: ta waiga, ta ɗauka, ta rubuta, ta ajiye, ta koma tana taka keke. Ka duba lokacin saƙonka. Ita ce kuma ta ba ni gyalenta na share hawaye, tana cewa, “Haƙuri, 'yar'uwa, maza duk haka suke.”

Rana dubu ta ɓarawo, ɗaya ta mai kaya. Ba zan zage ta ba, ba zan ɗaga murya ba. Asabar da hantsi, lokacin da shago ya cika da masu karɓar ɗinki, zan kunna bidiyon a talabijin ɗin bango a gaban uwar ɗakinmu mai shagon, in tsayar da shi daidai inda fuskarta ta fito. Ta ɗebo da zafi, sai ta kai bakinta. Ina so in ga ƙasa ta ƙi tsagewa ta rufa mata asiri!

Kai ma ba ka tsira ba, tauraron asubata. Za ka zo ka tsaya a gefena, ka ga ƙaryar da ka fifita a kaina. Za ka yi lallashi har muryarka ta dushe, ni kuwa in ja aji kwana sha tara cif, kowace rana da ramuwarta. Bayan nan in yafe, don kurciya ba ta da wata sheƙa sai tata.

Hukuncinka mafi tsanani shi ne ba za ka taɓa rabuwa da ni ba. Ka tsufa a gabana, kullum kana kallon idon da ka sa kuka.

Taka, kana so ko ba ka so, har ranar da za a rufe ni da ƙasa,
Telarka.