Shafukan da Mama Ta Ƙunshe Iri da Su

Ƙanena Bulus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya jikinka, yaya Legas? Yaya Rifkatu da yara? Mu nan Kafanchan lafiya lau, aikin citta ne kawai ya sha mana kai. Ƙafar Mama ma da sauƙi.

Ka tuna tsohon littafin nan da marigayi Baba ke karanta mana a gindin mangwaro, na mutumin da ya bar garinsu ya shiga duniya? Makon jiya na tsince shi a akwatinsa. Ina buɗewa sai na ji kamar muryarsa ce ke tashi, jirgin ƙasa na kuka can nesa, kai kuma kana gyangyaɗi a cinyata.

Da na kai ƙarshe, ashe babu shafuka huɗu. Mama ta yi dariya ta ce, "Ai tun ba a haife ku ba na ƙunshe irin kuɓewa da su."

Sai na aro wani kwafin littafin a makarantar da nake koyarwa. Bulus, mutumin nan bai taɓa komawa gida ba! A ƙasar wasu ya mutu. Dawowar nan tasa, da uwarsa ta tarye shi a bakin rafi, Baba ne ke ƙagowa, idonsa a kan bangon littafin kamar mai karatu.

Shekara shida ke nan rabonmu da kai. Duk Kirsimeti Mama sai ta share ɗakinka.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanen gidanka. Ni dai na mayar wa makaranta da littafinta. Ƙarshen da Baba ya ƙago nake jira.

Yayarka,
Ladi