Sunan jikata yana hannunki

Matar ɗana Lopeti ta haihu, mace, ranar ƙarshe ta Disamba!

Yaya Sesimani, ki yafe, murna ta sha gaban gaisuwa. Ina gajiya? Yaya mutanen Vava'u?

Mu a Maui lafiya lau, bayana ne kawai ya gaji da ɗaukar dutsen katanga.

Lopeti ya ce, "Baba, yarinyar nan da wayo! Wuni ɗaya ta yi a shekarar, amma saboda ita za a rage mana harajin shekara guda." Amma sai da suna ake saka ta a takardar haraji, ni kuwa na hana kowa raɗawa, a al'adarmu haƙƙinki ne na babbar gwaggo. Ragin nan muke jira mu biya haya. Ki aiko da sunan da wuri.

Ku zo duka ku gan ta, ni a ƙasa zan kwana.

Ƙanenki,
Semisi