Wata Takwas Ina Motsa Baki a Kwaya, Mijina Ya Ce Yana Jin Muryata

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara, domin abin nan ya tokare mini ƙirji, ya ƙi wucewa ya ƙi fitowa. Ina kiranki Anti ne don haka kowa yake kiranki a shafin nan, amma ina jin na girme ki. Shekarata hamsin da takwas, da 'ya'ya huɗu da jikoki shida. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar, ban taɓa faɗa wa kowa ba, shi ya sa ban san ta inda ake farawa ba.

Aikina ba da magani ne a wani asibiti. Shekara talatin ina bayan taga ɗaya, in karɓi takarda in miƙa magani, biyu da safe biyu da yamma, bayan an ci abinci. Ba na raina aikin, da shi aka raini yara. Amma abin da nake ɗoki duk mako shi ne yammacin Laraba da na Asabar, lokacin da muke koyon waƙa a kwayar majami'armu, wato ƙungiyar mawaƙa. Maigidana har tsokanata yake yi, wai shi ya auri mace mai ƙirga ƙwaya da rana, ta tafi kwaya da yamma. Shekara ashirin da shida ke nan ina ciki. Mun kai mu arba'in. Ni ina layi na biyu, cikin mata masu kaurin murya, mu ne muke tallafe masu siririyar murya daga ƙasa. Ban taɓa zama gwana ba, ba a taɓa ba ni baiti in rera ni kaɗai ba, kuma ban taɓa nema ba. Ni dai in ji muryata ta shige cikin ta 'yan'uwa har in kasa bambance tawa da tasu, wannan ya ishe ni. A nan na sauke baƙin cikin rasuwar mahaifiyata, a nan na sauke gajiyar duniya kala-kala.

Kimanin shekara biyu da suka wuce kunnena na hagu ya fara nauyi. A wurin aiki sai na koyi karkata kai ina ba mutane na dama, in na rasa wata kalma in ɗora laifin a kan hayaniyar masu jira. Na ɗauka na ɓoye. Wata Asabar malamin waƙarmu, wanda sa'an babban ɗana ne, a gabana ma aka haife shi, ya jira kowa ya watse, ya zauna nesa kaɗan da ni, ya kunna mini abin da ya naɗa a wayarsa. Na ji wata murya tana jan ƙafa a bayan kowa, tana kaucewa, tana dawowa, tana sake kaucewa. Har na buɗe baki zan tambayi ko wace ce wannan baiwar Allah, sai na gane. Da ladabinsa, yana ta Mama kaza Mama kaza, ya roƙe ni in ga likitan kunne, kafin nan kuma a waƙoƙi biyu masu wuya in riƙa raka su da leɓe kawai.

Gaskiya ita ce biyu ya ce. Ni ce zuciya ta ɗebe ni, na ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, na rufe murya gaba ɗaya. Yau wata takwas ke nan. Ina sa rigar kwaya, ina tsayawa a wurina, ina buɗe littafi, ina jan numfashi inda ake ja, ina motsa baki, amma ko tari ba ya fita. Matar da take tsayawa a damana ta sani, ba yadda za a yi ta rasa sani, sai dai ba ta taɓa ce mini uffan ba. Likitan kunnen kuwa ban je ba. Ɗakinsa yana ƙarshen barandar da nake aiki, kullum sai na wuce ta ƙofarsa, amma kunyar abokan aiki su gan ni a kan bencin masu jira ta hana ni.

To duk wannan da ni kaɗai ya shafa da na haɗiye. Maigidana mai gyaran agogo ne a da. Ciwon suga ya ɗauke masa ido shekara huɗu ke nan. Duk Lahadi nakan zaunar da shi a benci na uku kafin in hau wurinmu. In an tashi, yana riƙe da gwiwar hannuna muna tafiya gida, sai ya ce mini yau ma ya ji ni, wai cikin mutum arba'in muryata yake fara tsinta, har ya faɗi baitin da na fi yi masa daɗi. Ranar da ya fara faɗin haka bayan na yi shiru, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma godiya na yi masa. Mako na gaba ma na yi godiya. Haka muke ta tafiya har yau.

Ban san wanne ya fi ci mini rai ba. Wani lokaci in ce muryar maƙwabciyata ta kwaya, wadda take tsayawa a damana, yake ji ya ɗauka tawa ce, don muryoyinmu suna kama, sai in ji wani irin kishi marar kan gado, ni da tsufana. Wani lokaci kuma in ce ya sani sarai, tausayina yake ji, sai in ji na ƙanƙance. A gida ma na daina waƙa, ni da ko guga nake yi sai maƙwabta sun sani. Da ya tambaya na ce gajiya ce.

Yanzu ciwon ya taɓa ƙoda. Sau biyu a mako muna zuwa wankin ƙoda, awa huɗu yana kwance, ba ya ganin komai, sai ƙarar na'ura. Likitoci ba su ɓoye mini ba, sun ce jikin ya yi rauni ƙwarai. Mako uku da suka wuce ya miƙo mini wayarsa, ya ce in naɗa masa waƙoƙi uku ko huɗu da muryata ni kaɗai, ya riƙa saurare in yana kan gadon nan. Makon farko na ce mura nake yi. Na biyu na ce maƙogwaro. Wannan makon bai sake tambaya ba, kuma shirun nasa ya fi tambayar zafi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Na yanke shawarar in roƙi maƙwabciyar tawa ta rera a wayar, in kai masa a matsayin tawa. Na san za ta yarda. Ba na son abu na ƙarshe da zai riƙe daga gare ni ya zama muryar nan da na ji tana jan ƙafa. Amma duk lokacin da na ɗaga waya zan kira ta, hannuna sai ya yi sanyi. Shekara talatin da biyar ban taɓa yi masa ƙarya mai nauyin wannan ba. Anti, in yi ko kada in yi? In kuma faɗa masa zan yi, da wane baki?

Daga mai tsayuwa a layi na biyu.

*

Yaya, tunda kin ce kin girme ni, na karɓa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, ta taɓa ni ƙwarai. Amma shawara kika nema, ba ta'aziyya ba, don haka ga ta.

Kada ki kira maƙwabciyarki. Na fahimci abin da ya kai ki, ƙauna ce da kunya suka haɗu, ba mugunta ba. Sai dai ki duba: a cikin mutum arba'in ana iya rikita murya da murya, a waya kuwa, mutum ɗaya tana rerawa cikin kunnensa awa huɗu, mutumin da ya yi rayuwarsa yana kara agogo a kunne ya gane ciwonsa ba zai rikice ba. In ya gane, zai yi shiru ya yi miki godiya, ya kwanta da sanin cewa matarsa ta aiko masa da wata. In ma bai gane ba, ke kin sani, kuma ke za ki rayu da shi bayan komai ya wuce. Hannun da yake miki sanyi ya fi ki gaskiya, ki saurare shi.

Ko ya san kin yi shiru a kwaya? Ba ni da tabbas, ba zan yi miki duba ba. Amma a ganina wanda yake ƙoshi da muryar matarsa duk Lahadi ba ya tambayar dalilin da ta daina waƙa a gida. Mai yiwuwa kowannenku yana lallaɓa ɗan'uwansa ne, ke kina motsa baki don kada ya damu, shi yana yabo don kada ki karaya. In haka ne, wata takwas kun yi kuna kewar juna a ɗaki ɗaya, kuma ba ku da watannin zubarwa.

Malamin waƙarku bai yi miki laifi ba. Amanar mutum arba'in ce a wuyansa, ya keɓe ki, ya girmama ki, ya ce waƙa biyu. Sauran hukuncin ke kika yanke wa kanki, kuma kin tsananta. Duk da haka ba na raina zafin da kika ji. Wanda bai taɓa samun wurin da yake sauke nauyin ransa ba, ba zai gane abin da ake ji in wurin ya fara suɓucewa ba. Waƙar nan ba wasan yara ba ce, ita ta riƙe ki shekara ashirin da shida, kina da haƙƙin ki yi kukanta.

Batun likita kuwa, haba Yaya! Shekara talatin kina faɗa wa mutane kada su yi wasa da magani, ke kuma baranda ɗaya ta gagare ki? Ki je cikin makon nan. Nauyin kunne iri-iri ne, wani ana magance shi, wani ana taimaka masa da na'urar ji, likita ne kaɗai zai faɗa miki naki. Bayan nan ki koma wurin malamin ku yi magana ta manya. Ki tambaye shi ko zai sauya miki wurin tsayuwa yadda kunnenki mai lafiya zai fuskanci 'yan layinku, ku kuma ware waƙoƙin da za ki iya. Wataƙila ba za ki koma kamar da ba. Amma tsakanin rera komai da rufe baki ɗungum akwai fili mai faɗi.

Kafin duk wannan, maigida. Kin tambaya da wane baki. Da wannan dai da kike da shi. Kada ki jira ranar asibiti, kada ki jira ki tsara magana. Ki zauna kusa da shi a gida, ki kama hannunsa, ki ce masa kunnenki ya yi nauyi, wata takwas ba ki rera komai ba, kuma kin ji kunyar faɗa masa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. In ya ji ciwon ɓoyon da kika yi, ki ba shi haƙuri, kada ki kare kanki. Sannan ki rera masa a take, kafin zuciyarki ta sake kawo wani uzurin. Ki ce in kin kauce ya matsa miki hannu. Shekara huɗu kina yi masa ido, ki bar shi ya yi miki kunne. Mai jinya yana gajiya da zama wanda ake yi wa komai, zai so a ce yau shi ake buƙata.

Wayar kuma ki kunna ta tun daga farko, ta ɗauki komai, da kaucewar, da dariyar in an yi, da kukan in ya zo. Kada ki goge, kada ki sake. Ba gwanar waƙa ya nema ba, da ita yake so da rediyo ya ishe shi. Matarsa ya nema ta zauna da shi a awa huɗun nan da ba ya ganin kowa.

Allah ya ba maigida sauƙi, ya sassauta masa zafin jinya. Ke kuma ya buɗe miki kunne, ya ƙarfafa miki zuciya, ya ba ku sauran kwanaki masu daɗi tare. Ki fara yau, Yaya, tun yana iya matsa miki hannu.

Taki,
Anti