Na yi wa Dogo alkawarin kabari, ƙashina ya ce bai san zancen ba

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin ka ɓoye sunana, duk wanda ya gane ni kuma ya yi shiru. Ni tsoho ne a unguwar Alsawra ta Omdurman, bokona bai wuce aji huɗu ba, in kun ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri, mai rubutun ma a karkace yake. Don Allah ku ba ni shawara.

Shekara wajen arba'in ni ke shiga kabari a unguwarmu. Ba haƙa ba, karɓa. In an kawo gawa ni nake sauka, in karɓe ta a hannu, in sunkuya in kwantar da ita tana kallon alƙibla, in kwance ƙullin likkafani, a miƙo tubali in jera.

To wata biyu da suka wuce na raka Hajja, maiɗakina, mustashfa, wato asibiti, a nan Omdurman, diktora, likitar mace, ta ce a auna mata ƙarfin ƙashi. Ni rakiya ce tawa. Sai Hajja da bakinta ba ya da murfi ta ce wannan ma ku duba shi, jallabiyarsa ta fara share mana tsakar gida, kullum yana zagin tela. Na ce ai ciwon ƙashi na mata ne, diktora ta ce, "Ya Haj, ƙashi bai san namiji ba." Aka auna tsayina, ashe na ragu da yatsa uku. Aka kwantar da ni a wani gado mai sanyi, wani hannun ƙarfe ya bi ta samana a hankali daga ƙugu zuwa baya, ko zafi babu, khalas, an gama. Na tashi ina cewa wannan inji bai san aikinsa ba.

Ashe ya sani. Takardar Hajja mai kukan ciwo kullum ta fito lafiya lau, tawa kuwa lambar ta faɗa cikin ja. Wai ƙashina ya zama kamar soso, ciki duk huda, ƙashi guda a bayana ma ya riga ya lotsa ban sani ba. Aka ba ni ƙwaya, aka ce in sha madara in sha rana, kamar rana muka rasa a Sudan. Hajja ta kwashe labarin aikina ta faɗa, nan diktora ta daina dariya. Ta ce ban da sunkuyawa da nauyi, ban da sauka rami, in baya ko ƙugu ya karye mai yiwuwa na kwanta ke nan.

Da wannan kaɗai ne da na haƙura. Ina da aboki, mu kira shi Dogo, tare muka tsinci auduga a gonakin Jazira tun muna yara. Mun yi alkawari tuntuni, wanda ya riga tafiya ɗayan ne zai kwantar da shi da hannunsa. Yanzu yana kwance a gidansa a unguwar Hajj Yusuf, likitoci sun ce a mai da shi gida. 'Ya'yansa maza yaƙi ya watsa su, babu ko ɗaya a gari.

Ran Juma'a na hau raksha, keken hayarmu mai ƙafa uku, da takardar a aljihu zan gaya masa. Kafin in buɗe baki ya riƙe hannuna ya ce, "Kai gajere, kada ka bari su jefa ni kamar buhun albasa. Ka ga na rame, ba zan yi maka nauyi ba." Na ce ko ka rame tsawon yana nan, sai an ƙara ramin. Muka yi dariya har ya yi tari. Na dawo da takardata ban fito da ita ba.

Hajja ta ce in na kuskura na sauka, za ta sa a rufe da mu biyu, ni da Dogo, don ita ba za ta iya cicciɓata zuwa banɗaki ba. Mun yi faɗa kwana uku, kuma gaskiyarta ce. Limaminmu ya ce lalura ta ɗauke min alkawarin, in tsaya a sama in riƙa nuna wa masu ƙarfi. Na ji, amma ba nuni Dogo ya roƙe ni ba.

To ya zan yi? In gaya masa, ya tafi da sanin cewa baƙon hannu ne zai karɓe shi? In yi shiru ya tafi da yarda da ni, ran nan in tsaya a bakin rami kamar kowa? Ko in sauka sau ɗayan nan, abin da zai karye ya karye?

Ku amsa da wuri don Allah. Ɗazu 'yarsa ta bugo, ta ce ya daina karɓar ko shayi, kuma yana ta tambaya ko na iso.